Fanel ɗin PLC na farko da na tsara, daga farar takarda zuwa ranar da aka ba shi wuta

Na shekara huɗu ina ɗaura wayoyi a fanel ɗin da wasu suka zana, wato akwatin da ke ɗauke da na'urorin sarrafa wutar injuna, kafin a danƙa mini aikin tsara nawa tun daga tushe. Hannuna ya saba da breka da kontakta da taminal, ina iya bin waya daga lamba zuwa lamba ba tare da na ɓata ba, shi ya sa na karɓi aikin ba fargaba. Ashe bin zanen wani daban, zama gaban farar takarda a ce kai za ka yanke abin da zai shiga akwati da inda kowanne zai zauna shi ma daban. Aikin da na ce zan gama cikin sati shida sai da ya ci sati goma sha uku, kuma rabin jinkirin nan ni na jawo shi, domin na fara daga inda ya kamata in ƙare. Zan bi shi daki-daki yadda ya faru, ko wanda aka ba irin wannan aiki ya huta da wahalar da na sha.

Aikin na wata masana'antar sabulun ruwa ne. Tanki ɗaya ne na gauraya, da injin da ke juya shi mai ƙarfin kilowat 11, da famfo biyu masu kilowat 4 kowanne, ɗaya na cika tanki ɗaya na kwashewa, sai bawul-bawul masu buɗewa da lantarki guda shida. Da can da hannu ake komai, ma'aikaci na kallon tanki yana kunnawa yana kashewa. Suna son PLC ta karɓi aikin, wato ƙaramar kwamfutar masana'anta da ke karanta sensa tana ba injuna umarni bisa shirin da aka rubuta mata. Zamana na farko da manajan bai wuce minti arba'in ba. Ya yi mini bayani a tsaye, na rubuta a rabin shafi, muka yi sallama. Kafin satin ya ƙare na riga na sayi akwatin ƙarfe na ratayewa a bango, tsayinsa milimita 800, faɗinsa 600, zurfinsa 300. Dalilina shi ne akwati ne abu mafi girma a jerin kaya, in ya iso zan ji aiki ya kankama. Na ajiye shi a kusurwar shago, na zauna na zana yadda zan jera kaya a cikinsa, zanen ya yi kyau a ido.

Da zanen nan na je wurin maigidana, injiniyan da na koyi aiki a hannunsa, don ya duba ya sa hannu. Na jira shi kusan awa biyu yana wani taro. Da ya fito ya karɓi takardar, bai yi minti ɗaya yana kallonta ba ya kife ta a kan tebur ya ce, "Ina jerin shiga da fita?" Wato jerin siginonin da PLC za ta karɓa da waɗanda za ta aika. Na ce, "Maigida, yana kaina, zan rubuta shi in na zo haɗa waya." Ya ce, "To sensa nawa ne? Masu ba da PNP ne ko NPN? Zafin ɗakin da za a kafa shi nawa ne? Da ruwa suke wanke wurin ko da tsintsiya? In waya ta haɗu a bakin fanel ɗin, ƙarfin wutar da za ta kwararo kilo'am nawa ne?" Ko ɗaya ban da amsarta, har ta PNP da NPN ɗin, waɗanda iri biyu ne na yadda sensa ke ba da siginarta. Bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi in koma masana'antar in yini, kada in nemi manaja, in nemi mutumin da ke tsaye a gaban tankin da kuma mai gyaran wutarsu. Na fito jikina a sanyaye, ina jin an mai da ni baya. Yanzu na san a ranar ne aikin ya fara.

Yinin da na yi a masana'antar ya canja kusan komai. Ma'aikacin da ke kula da tankin, dattijo ne da ya daɗe a wurin, da farko ya ɗauka na zo ne in kawo na'urar da za ta raba shi da aikinsa, amsa ɗaiɗai yake ba ni. Na ce masa, "Baba, ni ban san tankin nan ba, kai ka san shi. Nuna mini abin da kake yi daga safe." Sai ya saki jiki. A wurinsa na ji cewa ba a taɓa kunna injin gauraya sai ruwa ya rufe fukafukansa, in ba haka ba sandar tana girgiza har ta ci beyarin. A wurinsa na ji cewa in an zuba wani sinadari dole a rage gudu, don kumfa na tasowa ya malalo. Ya nuna mini murfin tankin da suke ɗagawa su leƙa, da yadda hannun mutum ke iya kaiwa ga fukafukan. Duk wannan babu shi a rabin shafin da na rubuta a ofishin manaja. Da yamma na tsaya na ga yadda suke wanke wurin: tiyo suke ja su feshe ƙasa da bango, har bangon da na yi niyyar rataye akwatina. Mai gyaran wutarsu kuma ya kai ni ɗakin lantarki, muka karanta allon babban breka da na taransifoma, na kwafe lambobin. Na ɗauki hoton farantin bayanin kowane inji, domin am ɗin da aka buga a jikin inji shi ake bi, ba wanda aka ƙiyasta ba. Na bar ma'aunin zafi a ɗakin lantarkin na kwana biyu, mafi yawan abin da ya nuna digiri 30.

Na dawo na zauna na rubuta jerin shiga da fita, layi ɗaya ga kowace sigina: sunanta, irinta, inda take a fili, da lambar taminal da za ta sauka. A kaina da ina ƙirga shiga 16 da fita 9. A takarda sai ga shiga 23 masu kunne-ko-kashe, fita 13, sigina 4 na awo, wato tsayin ruwa da zafi da matsi da gudun kwarara, sai fita 2 na gaya wa VFD gudun da ake so. VFD ita ce na'urar da ke sarrafa saurin inji, kuma bayanin Baba ya tabbatar da cewa injin gauraya da famfon cikawa duk suna buƙatarta. Mai gyaran wutarsu ya saba da Siemens, yana da manhajar a kwamfutarsa, saboda haka na zaɓi PLC ɗinsu ta S7-1200, ƙirar 1214C mai shiga 14 da fita 10. Wannan shawara ce da nake ba kowa: ka zaɓi abin da mutanen wurin za su iya gyarawa bayan ka tafi, ko da kai wani iri ka fi so. A nan na kusa yin wani kuskuren. Na ga tana da hanyar awo guda biyu a jikinta, na ce sun rage mini kuɗin kati, wato ƙarin na'urar da ake jona wa PLC don ƙara mata hanyoyi. Da na karanta littafinta sai na ga bolt 0 zuwa 10 kawai suke karɓa, sensa na kuma duk na miliyam 4 zuwa 20 ne. Na fi son na miliyam ɗin, domin ba su cika damuwa da nisan waya ba, kuma in waya ta tsinke karatu na faɗowa ƙasa da 4, PLC ta gane matsala ce ba tanki ne ya ƙare ba. Na ƙara katin awo mai hanya 8, da katin shiga 16 da fita 16, da na fitar da awo, ya zama akwai rara fiye da kashi 20 cikin ɗari ta kowane ɓangare.

Zama na gaba da jami'ar kula da lafiyar ma'aikata ne, kuma sai da na yi kwana biyar ina jiran ta samu lokaci. Na zo mata da tsarin da maɓallin tsayawar gaggawa ke shiga PLC kamar kowace sigina, shirin ya gani ya kashe injuna. Ta ce, "Injiniya, in PLC ɗin ce ta rikice fa? Wa zai ji maɓallin?" Gaskiyarta. Na sake tsarin yadda maɓallin zai bi ta rile na tsaro na musamman, da layi biyu masu zaman kansu, kowanne a rufe yake a ko da yaushe, ta yadda tsinkewar waya ma tsayar da inji take yi. Rile ɗin shi ke katse kontaktan famfon kwashewa kai tsaye, shi ke kuma buɗe hanyar STO ta VFD biyun, wadda ke hana su ba inji ƙarfin juyi. PLC labari kawai ake ba ta cewa an danna, don ta nuna a allo ta mai da shirinta farko. Murfin tanki ma ya samu makunnin tsaro a kan wannan layin. Ta kuma nace cewa sakin maɓallin gaggawa kada ya tayar da komai, sai mutum ya danna maɓallin sake-saiti da hannunsa sannan ya kunna. Maɓallin ja ne a kan rawaya, kamar yadda ƙa'ida ta tanada. Ta nemi hannun babban makatsin wuta ya zama mai karɓar kwaɗo, don mai gyara ya kulle ya sa makullin a aljihu. Ƙa'idar IEC 60204-1, wadda ta shafi wutar injunan masana'antu, ta ce hannun nan ya zauna tsakanin mita 0.6 da 1.9 daga inda mutum ke tsayawa. Na fito daga ofishinta da ƙarin kaya a jerina, da kuma kwanciyar hankalin da ban shiga da ita ba.

Sai zanen wayoyi, wanda ya ci mini kwana tara. Na fara da babbar wuta, bolt 400 mai layi uku: makatsi na am 63 a sama, kowace VFD da abin kariyarta bisa abin da littafinta ya ce, famfon kwashewa da brekan kare inji da kontakta. Lambobin da na kwafo daga ɗakin lantarki na kai wa maigida, muka fitar da ƙarfin wutar da za ta iya kwararowa in waya ta haɗu, muka zaɓi breka masu iya katse fiye da haka. Breka na iya daidaita da am ɗin inji amma ya gaza a wannan awon, kuma ranar da ya gaza fashewa yake yi. Wutar sarrafawa kuwa bolt 24 ce ta DC. Na tara abin da PLC da katunanta da allon taɓawa da rile da bawul shida ke ja, ya kama wajen am 5.5, na ɗauki fawa, wato na'urar da ke samar da bolt 24 ɗin, mai am 10. Abin da na koya a nan, wanda ban taɓa lura da shi ba a fanel ɗin wasu, shi ne raba bolt 24 ɗin gida-gida: PLC da layinta, allo da nasa, sensa na fili da nasu, bawul da nasu, kowanne da fis ɗinsa. Waya ɗaya ta sensa in ta goge a jikin ƙarfe tana iya durƙusar da fawa gaba ɗaya, PLC ta mutu tare da ita, kuma irin wannan fawa sau da yawa ba ta iya turo wutar da za ta faɗar da breka na gida da sauri. Tsakanin fitar PLC da kowane bawul ko kontakta na sa ƙaramin rile mai cirewa, da dayod a kan kowane koyil na DC don shanye wutar da ke dawowa in an katse shi. Rile in ya ƙone minti biyu ne a zare a sa wani. Fitar PLC in ta ƙone, maganar kati ce gaba ɗaya.

A lissafin zafi ne akwatina ya faɗi. VFD tana zubar da kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙarfinta a matsayin zafi, biyun tare kilowat 15 ne, wato wajen wat 450. Da na ƙara fawa da kontakta da PLC da sauran ƙanana ya kai wajen wat 520. Jikin akwatin ƙarfe mai fenti yana fitar da kusan wat 5.5 a kowace murabba'in mita, ga kowane digiri ɗaya na bambancin zafin ciki da na waje. Akwatin da na saya, in aka cire bayansa da ke manne da bango, bai wuce murabba'in mita 1.3 ba. Ɗaki na digiri 30, ina son ciki kada ya wuce 40, domin daga nan ne VFD da yawa ke fara buƙatar a rage musu nauyi. Ke nan akwatin zai iya fitar da wat 70 da ɗoriya, ni kuma ina shirin zuba masa 520. Na maimaita lissafin sau uku ina fatan na yi kuskure. Fanka za ta taimaka, amma fanka na nufin huda akwati, akwatin da aka huda aka sa wa fanka da matata kuwa yawanci matakin kariyarsa IP54 ne, yana tare ƙura da fantsamar ruwa, ba ya jure feshin tiyo. Wanda ke jure feshin shi ne IP65, shi kuma a toshe yake ruf. Mafita ta zo daga bakin mai gyaran wutarsu: a kai babban fanel ɗakin lantarki inda ruwa ba ya zuwa, a bar ƙaramin akwati na IP65 kusa da tanki mai ɗauke da allon taɓawa da maɓallai kawai. Na zaɓi akwati na tsaye mai tsayin milimita 1800, faɗi 800, zurfi 400. Jikinsa na fitar da wajen wat 200, saura wat 300 da ɗoriya, wanda ke buƙatar iskar da ta kai kusan kubik mita 100 a awa. Na ɗauki fankar da ta fi haka sosai, don matata na toshewa da ƙura iska ta ragu. Akwatin farko mai sayarwa bai karɓe shi ba tunda na riga na huda ƙasansa, kuɗinsa daga ribata ya fita.

Sayen kaya ya koya mini haƙuri. Na aika jerin ga masu sayarwa uku, kowane layi da cikakkiyar lambar kaya, domin harafi ɗaya a lambar PLC ke bambanta mai fitar rile da mai fitar taransisto. Akwati da breka da taminal sun iso cikin kwana goma. VFD ɗin kilowat 11, wadda ita ta fi komai tsada, sati uku ta yi. Katin awo, ɗan abin da bai kai tafin hannu biyu ba, sai da ya yi sati biyar, manaja na kira kusan kullum. Da na san haka da ranar da jerin shiga da fita ya tabbata na yi odar PLC da katunanta da VFD, sauran su biyo baya. Wani mai sayarwa ya kawo mini kontakta mai koyil na bolt 230 a maimakon 24, kwalinsu iri ɗaya, sai da na karanta jikinsa na gani. Tun daga nan duk abin da ya iso a gaban mai kawowa nake buɗe shi in gwada lambarsa da takarda.

Lokacin jiran ban zauna haka ba. Na ciro allon bayan akwatin na shimfiɗa shi a kan tebur, na yanka kwali daidai girman kowace na'ura bisa awon da ke littafinta, na yi ta jerawa ina matsarwa. Wannan shi ne ɓangaren da na fi jin daɗinsa, kuma shi ya fi cancantar a ba shi lokaci. Na raba allon gida biyu: hagu na babbar wuta, dama na bolt 24 da sigina, kowanne da tirankin ɗinsa, wato kwararon da wayoyi ke bi, kada wayar inji da wayar sensa su kwana a kwararo ɗaya. Inda dole su haɗu, su gitta juna a miƙe su wuce. Makatsi da breka a sama ta hagu, kusa da inda wuta ke shigowa. VFD biyun na ba su wurin da iskarsu mai zafi za ta tashi kai tsaye zuwa mafitar sama ba tare da ta bi ta kan wata na'ura ba, da tazarar da littafinsu ya nema sama da ƙasa. A zanena na farko PLC a saman VFD take zaune, domin wurin ya yi daidai da ido, wato da ta yi rayuwarta tana shaƙar zafin da wata ke fitarwa. Na mai da ita dama, a tsakiyar tsayi. Littafin S7-1200 ya nemi tazarar milimita 25 sama da ƙasa, kuma ya ce a ɗora ta a kwance, in aka tsayar da ita iyakar zafin da take ɗauka na raguwa da digiri 10. Na bar fili a damanta a kan ƙarfen DIN mai faɗin milimita 35, wanda zai ɗauki ƙarin kati biyu. Fanka a ƙasa tana turo iska ciki, mafita a sama, don matsin iskar ciki ya hana ƙura shiga ta kafofi. Taminal duk a ƙasa, inda kebul ke shigowa. Da maigida ya zo dubawa, bai ce komai ba sai ya ɗauki guntun kebul mai kauri irin na injin gauraya, ya ce in lanƙwasa shi daga gindin akwati zuwa taminal. Bai lanƙwasu ba, tazarar da na bari ta yi kaɗan. Na ɗaga layin taminal sama da milimita 100, hakan ya tilasta mini matsar da komai. A kwali aikin rabin awa ne. Tun ran gini ran zane, in ji masu magana.

Hudawa duk na gama ta kafin in ɗora na'ura ko ɗaya, na share allon tas, domin ɓarɓashin ƙarfe ɗaya in ya faɗa cikin VFD ya isa ya kashe ta. Haɗa waya ya ɗauke ni kwana takwas da yaro ɗaya mai taimaka mini. Baƙa ga babbar wuta, shuɗiya ga bolt 24, kore da rawaya ga wayar ƙasa ita kaɗai. Fitilar cikin akwati da soket ɗin kwamfuta suna da wuta ko an kashe makatsi, su na ja musu waya ruwan lemo na manna gargaɗi. Kowace waya da ferul a bakinta da lamba a kai biyun, lambar da ke cikin zane. Ƙofa da allon baya kowanne da wayar ƙasarsa, ban dogara da hinjis ba, kuma inda za a ɗaure na kankare fenti. Ban bari tirankin ya wuce rabi ba. Sau huɗu na canja wani abu a kan aiki, sau huɗun na tsaya na gyara zane da jan biro nan take. Na taɓa shan wahalar fanel ɗin da zanensa ya ce abu kaza, cikinsa kuma ya ce wani abu, ba na son in gadar wa kowa irinta.

Gwajin shago muka yi tare da maigida da mai gyaran wutar masana'antar. Kafin wuta, mun auna cewa kowane ƙarfe na haɗe da ƙasa, sannan muka cire VFD da fawa da duk kayan lataroni daga layi muka buga mega, na'urar auna ingancin rufin waya, na bolt 500 a kan wayoyin babbar wuta, ƙa'ida na neman aƙalla mega'om 1. Aka ba da wuta mataki-mataki, breka ɗaya bayan ɗaya, ina auna bolt 24 kafin in sa fis ɗin PLC. Lokacin da fitilarta ta koma kore na ji wani nauyi ya sauka daga ƙirjina. Sai muka ɗauki jerin shiga da fita muka bi shi layi-layi, ana taɓa taminal ana kallon allo, ana sa hannu a gefen kowane layi. Mun kama wayoyi biyu da na musanya tsakanin bawul na uku da na huɗu. A shago abin gyaran minti biyar ne, a masana'anta da sinadari ne zai zuba a inda ba a so.

Kafawa ta zo da nata. Sensa biyu tsofaffi da ke jikin tankin, waɗanda aka ce a bar su, sun ƙi nunawa a PLC. Na yi awa uku ina bin waya kafin in karanta jikinsu in ga NPN ne, sauran duka PNP, kuma shigar da ke kan wayar gama-gari ɗaya a PLC ba ta ɗaukar iri biyu a haɗe. Tambayar da maigida ya yi mini ce tun ranar farko, na amsa ta ga sababbin sensa na manta tsofaffin. Muka canja su washegari. Ta biyun ta fi ba ni tsoro: da zarar injin gauraya ya ɗauki gudu, karatun tsayin ruwa sai ya riƙa tsalle, famfo na kunnuwa yana mutuwa. Na fara zargin katin awo. Da muka hau muka buɗe tiren kebul sai ga wayar sensa kwance jiki da jiki da kebul ɗin injin tsawon mita da yawa, kuma masu jan kebul sun murɗe garkuwar kebul ɗin injin, wato saƙar ƙarfen da ke rufe shi don tare hayaniyar lantarki, kamar igiya sun ɗaure a kusa ɗaya. Duk rabuwar da na yi a cikin fanel ta ƙare a bakin gilan, inda kebul ke fita daga akwati, tunda ban rubuta wa masu jan kebul komai ba. Muka raba hanyarsu, muka kama garkuwar da maƙalin da ke zagaye ta gaba ɗaya a wajen VFD da wajen inji. Karatu ya tsaya cak. Baba yana tsaye a gefe, ya danna maɓallin farawa da kansa, tanki ya cika, inji ya jira sai da ruwa ya rufe fukafukai sannan ya tashi a hankali. Ya juyo ya ce, "Yaro, ta ji magana."

Da za a sake ba ni irin aikin nan, tsarin da zan bi a bayyane yake gare ni yanzu. Fili da mutanen da ke aiki a wurin su ne farko, sai jerin shiga da fita, sai maganar tsaro tun kafin zane ya yi nisa, sai zanen wayoyi, sai lissafin zafi, sannan kwali a kan tebur, akwati kuma a sayo shi bayan duk waɗannan sun faɗi girmansa. Kayan da ke daɗewa a hanya a yi odarsu da wuri. Duk tsohon abin da aka ce a bari a jikin inji a karanta lambarsa kamar sabo. Masu jan kebul a ba su takardarsu, wace waya ke bin wace hanya, yaya za a kama garkuwa. Kuma a kowace shawara ta jeri in tuna da wanda zai buɗe ƙofar nan da dare, inji a tsaye, ana jiransa: zai ga lambar waya ba tare da ya ja ta ba, sukudirebansa zai shiga, zai iya zare rile ba tare da ya kwance maƙwabcinsa ba?

Ranar miƙa aiki na ba su zanen da aka gyara bisa abin da ke cikin fanel a zahiri, da jerin kaya da lambobinsu, da saitin VFD biyun a rubuce, da shirin PLC da na allo a filas, da takardun gwaji masu sa hannu. Kwafi ɗaya na zanen na sa a aljihun da ke bayan ƙofa, tare da rile biyu da fis na ko-ta-kwana, na kuma nuna wa mai gyaransu gargaɗin da ke jikin VFD, cewa tana riƙe wuta na wasu mintoci bayan an kashe, a jira a auna kafin a taɓa. Bayan wata huɗu ya kira ni ya ce suna son ƙara tanki na biyu na ajiya, da bawul biyu da sensa uku. Na tambaye shi ko in zo. Ya ce ya riga ya duba zanen, akwai taminal a buɗe daga lamba 41 zuwa 52, shirin kawai yake so in ƙara masa.